Tafiyar Yini Guda A Bakin Kogin Wudil

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

   

Bayan haka, an umurce ni in ce wani abu a wannan zama da muka yi don tunawa da magabatanmu, ma'aikatan En'e, waɗanda muka gaji aikinsu ko da ya ke sunan ya sake tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976. Ni magatakardan kotu ne, aikina rubutu, kuma a gaban manya ƙaramin ma'aikaci sauraro ya fi kama shi. Amma tun da ya ke umurni ne, ba ni da ikon ƙi. Na duba abin da ya haɗa mu da mutanen nan da mu ke tunawa, sai na ga ofisoshinsu an rushe waɗansu an sake gini, litattafansu gara ta ci da yawa, amma kogin nan yana nan inda suka bar shi. Don haka a kansa zan yi magana, in Allah ya yarda.

Ga dalilin da ya kai ni bakinsa. Kwanakin baya waɗansu mutum biyu suka zo gabanmu a kan wata gonar fadama. Ruwan damina ya ci gaɓa ta wannan gefe, ya zube ƙasa ta wancan, har wurin ya sake kama. Na farko ya ce iyakar gonar ubansa wata giginya ce. Na biyu ya ce gaskiya ne, amma giginyar ba nan ta ke ba, can gaba ta ke. Giginya kuwa ta daɗe da faɗawa ruwa. Aka tambayi wanda ya san inda ta ke tsaye, duka biyunsu suka yarda da wani tsoho guda. Aka ɗaga shari'a mako biyu don a kawo shi. Kafin ranar ta zo, Allah ya yi masa rasuwa. Daga bisani sai sulhu aka yi, kowannensu ya fita yana ganin an ƙware shi. Ni na rubuta wannan shari'a da hannuna, abin kuwa ya tsaya mini a rai. Na bincika takardun da ke hannunmu, ban sami layi ɗaya da ya ambaci wannan gaɓa ba. Sai na ce gani ya kori ji. Na nemi izini ran wata Jumma'a cikin ɗari, na ɗauki littafi da alƙalami, na bi turbar bakin kogi da ƙafa tun daga asuba har la'asar sakaliya. Abin da na gani, da abin da na tara game da shi, shi zan karanta muku.

Daga kan gada na fara, gari bai gama wayewa ba. Wanda ya tsaya nan ya san abin da ya yi Wudil. Tsakaninmu da birnin Kano wajen kilomita 40 ne, watau kamar mil 25 a lissafin iyayenmu, kuma mai zuwa gabas daga birni ta wannan hanya sai ya ƙetare ruwan nan tukuna, sa'an nan ya zaɓi ko ya bi ta Gaya zuwa Dutse da Azare da Potiskum har Maiduguri, ko kuwa ya bi ta Birnin Kudu ya nufi ƙasar Bauchi. Kafin a yi gada, da rani a kan taka yashi a wuce, da damina kuwa sai a jira masu fito. Inda fatake su ke jira, nan a ke sayar da abinci, nan a ke neman masauki, nan kasuwa ta ke kafuwa. Wuri mai irin wannan muhimmanci ba a ba ƙaramin mutum riƙonsa. Da Turawa suka ci Kano a 1903, ba a daɗe ba aka fitar da hakimai daga birni aka ce kowa ya zauna ƙasarsa, aka zaunar da Makaman Kano a Wudil. Sarautar ta gidan Joɓawa ce, zuriyar su Malam Bakatsine na Utai, ɗaya daga cikin shugabannin jihadi a ƙasar Kano, kuma Makama yana cikin masu zaɓen Sarki.

Ruwan da ke wucewa ƙarƙashin gada ba namu ba ne mu kaɗai, baƙo ne mai dogon zango. Koguna biyu ne suka haɗu kafin su iso mu. Ɗaya kogin Kano, wanda ya taso daga duwatsun kudu, wajen ƙasar Riruwai inda mutanen dā suka haƙi kuza suka narka ta tun kafin zuwan Turawa, ya ratsa dajin Falgore. Ɗayan kogin Challawa, wanda ya taso daga yamma ya bi ta kudancin birni. In sun bar mu sai su nufi ƙasar Ringim da Haɗejiya, su bazu cikin fadamun Haɗejiya da Nguru, su gamu da ruwan Jama'are wajen Gashuwa. Daga nan sunansa Komadugu Yobe, ya bi iyakar Nijeriya da Nijar, ya nufi tafkin Chadi. Mu muna kiransa kogin Wudil, a taswira kuwa kogin Haɗejiya a ke rubutawa. Ku riƙe wannan, don zan komo kansa: akwai na sama da mu, akwai kuma waɗanda mu ne na sama da su.

Da na sauka daga gada sai na tarad da masunta suna fitowa da kamun dare. Na zauna na rubuta abin da ke cikin kwale-kwalensu: tarwaɗa, da karfasa, da ƙurungu, da ƙananan kawara. Na tambayi wani dattijo a cikinsu giwan ruwa fa, ya yi dariya ya ce wannan sai labari ga yaran yanzu, in an kama babba har gari ya kan ji. Ya nuna mini kayan aikinsu ɗaya ɗaya, birgi da a ke jefawa, da kalli da a ke shimfiɗawa ya kwana, da mamari mai ƙugiyoyi, da gora da a ke hawa a yi iyo. Ya ce a dā Sarkin Ruwa ke faɗin ranar da za a shiga gurbi da ranar da za a bar shi ya huta, wanda ya saɓa kuwa a karɓe masa koma. Hikimar wannan a fili ta ke. Kifi da damina ya ke hayayyafa, sa'ad da ruwa ya malala cikin ciyawar fadama, nan 'ya'yan su ke samun abinci da maɓoya. Wanda ya tare su da raga mai ƙananan idanu irin ta gidan sauro, ko ya zuba guba a ruwa, ya cinye kamun baɗi tun bana. Wannan doka ta masunta ba a rubuce ta ke ba, a bakin dattawa ta ke, kamar iyakar gonar nan.

Muna cikin magana balbela ta fara sauka, zalɓe kuwa yana tsaye cikin ruwa da ƙafa ɗaya. Ku sani waɗansu tsuntsayen da mu ke gani a bakin ruwa da ɗari ba 'yan ƙasa ba ne. Daga ƙasashen Turai su ke tasowa in sanyi ya tsananta can, su ƙetare Bahar Rum da hamada, mafi yawansu su sauka fadamun Haɗejiya da Nguru, su koma in bazara ta gabato. Shamuwa kuwa akasin haka, da bazara ta ke zuwa, shi ya sa manomi in ya gan ta ya ke gyara garmarsa.

Da hantsi ya yi sai ƙura ta tashi, na san Jumma'a ce a Wudil. Ba sai na gaya muku girman karar shanunmu ba, tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Nijeriya. Daga Yobe da Barno, har daga Nijar da Chadi a ke kawo shanu, dillalai su shiga tsakani su karɓi la'adarsu, a loda a manyan motoci a nufi Ikko da sauran garuruwan kudu. Abin da na ke so ku lura shi ne, kara ba ta zama inda babu ruwa. Saniyar da ta sha tafiya sai ta sha ruwa kafin ta yi kyan gani ga mai saye. Kogin nan ne ya riƙe kasuwar. To, na tsaya a mashaya na duba burtalin da ya sauko mata, na auna shi da taki. A bakin tudu mutum zai iya kora garke ya wuce a sake, amma da ya kusanci ruwa sai ya tsuke, shingen lambu ta dama, shingen lambu ta hagun. Ba na ce wani ya yi da mugunta ba. Kowane manomi kunya ɗaya ya ke ƙarawa a shekara, yana ganin ba kome ba ne. In shekara 20 ta wuce, kunya 40 ta tafi. Ran da saniya ta sa baki cikin albasa sai a zo kotu, wani lokaci kuwa ba a isowa kotu sai an zub da jini. Mun sani dukanmu. In an tambayi faɗin burtalin na asali, nan ma sai a ce a kira dattijo.

Daga mashaya na shiga fadama. Nan ne idon mutum ke hutawa: rake, da albasa, da tumatir, da tattasai, da latas, kore shar a tsakiyar rani. Tsofaffinmu da jigo suka yi wannan aiki, watau doguwar sanda a kan gwafa, dunƙulen laka ta baya, guga ta gaba, mutum ya wuni yana ɗagawa yana zubawa bai shayar da abin da ya wuce 'yan fangaloli ba. A shekarun 1980 ƙananan injunan ban ruwa suka bazu, da rijiyoyin bututu da a ke kafawa cikin yashin fadama. Yanzu abin da jigo ke yi a yini inji na yi kafin a gama karin kumallo. Wannan alheri ne, ya ciyad da gidaje da yawa. Amma shi ne kuma ya sa ƙasar bakin ruwa ta yi tsada, wurin da a dā a ke bar wa shanu da masu yankan jema ya zama abin jayayya.

Na ƙirga itatuwan da suka saura a gefen turba, na rubuta su da sunansu: giginya, da goruba, da tsamiya, da kanya, da ɓaure, da bagaruwa, can tudu kuma gawo, wanda ke zub da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, ya yi ganye da rani ya ba dabba inuwa da 'ya'ya. Kututturan da na gani sun kusa yawan masu rai. Saiwar itace da ta jema su ne ɗinkin gaɓa. Inda aka sare su, na ga da idona yadda ƙasa ta tsage tana shirin faɗawa. Giginyar shari'armu ba ita kaɗai ta tafi ba.

Da rana ta yi tsaka na koma gari na yi sallar Jumma'a, sa'an nan na nufi wajen magina tukwane, don sana'arsu daga bakin ruwa ta ke farawa. Wudil ta yi suna da tukwane, kowa ya bi hanyar nan ya ga tuluna da randuna a jere. Yumɓu a ke haƙowa daga fadama, a jiƙa shi, a cuɗa shi da dakakken tsingaro ko ƙaiƙayi don kada ya fashe a wuta, a gina, a shanya a inuwa, a shafe da jar ƙasa, sa'an nan a jera a rufe da kara da itace da busasshen kashin shanu a gasa. Daga nan a ke samun tulu, da randa, da kasko, da tanda, da asusu. Yara su kan tambayi abin da ke sa ruwan randa sanyi. Jikinta na da ƙofofi ƙanana waɗanda ido ba ya gani, ruwa ya riƙa tsattsafowa, iska ta busar da shi, busarwar nan ita ke janye zafi. Roba ba ta yin haka, amma ta fi arha kuma ba ta fashewa, don haka ta ci kasuwar tulu. Wani magini ya ce mini ba roba ce babbar damuwarsa ba. Ramin da kakanninsa suka ɗebi yumɓu ya shiga cikin gonar wani, sai ya biya a ke barinsa ya ɗiba, ba shi kuwa da takardar da za ta ce wurin na jama'a ne.

A bayan wani kango aka nuna mini bakin tsofaffin karofi, ƙasa ta cike su, awaki na kiwo a kai. Na daɗe a tsaye. Waɗannan ramuka su ne masana'antun ƙasar Kano na farko. Baba a ke nomawa, a daka, a dunƙula, a zuba a karofi da toka da katsi, a bar shi kwanaki ya nuna, a tsoma zane a fitar ya sha iska, a sake tsomawa har ya yi baƙi, sa'an nan a kai mabuga ya yi ƙyalli. Baturen nan na Jamus, Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar nan suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Majema kuma da 'ya'yan bagaruwa su ke jima, su rina da karan dafi, fatar ta ƙetare hamada har mutanen Turai suka riƙa kiranta fatar Maroko, don ta can ta ke isa gare su. Rini da jima duka sai da ruwa, amma abin da su ke zubarwa toka ce da ganye da 'ya'yan itace, ƙasa na iya cinye shi.

Da la'asar na iso wurin masu yashi. Samari ne majiya ƙarfi, suna nutsewa suna cika kwale-kwale, a kai gaɓa a loda a tifa a nufi birni. Sana'a ce ta halal, kuma gidaje masu yawa da yashin kogin nan aka gina su. Sai dai in aka haƙa kusa da gaɓa, gaɓar ke biyo baya, in aka haƙa kusa da ƙafar gada, gadar ke raunana. Ramin da aka bari a ƙarƙashin ruwa kuma ba ya nuna kansa ga yaron da ya zo wanka. Ba hana su za a yi ba, wuri za a nuna musu a ce daga nan zuwa nan.

Nan na zauna na dubi yamma, inda ruwan ke fitowa, na tuna da aikin magabatanmu. A farkon shekarun 1930, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, En'e ta Kano ta kafa gidan ruwa da gidan wuta a bakin Challawa da kuɗin baitulmalinta, watau da harajin talakawa, har da na mutanen wannan ƙasa. Jirgin ƙasa ya riga ya iso Kano tun 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kuɗi ya shigo. Wannan ne farkon sa wa kogin nan linzami. Bayan an yi Jihar Kano a 1967, Gwamna Audu Baƙo ya sa aka gina madatsar Tiga a kan kogin Kano, aka fara a 1971 aka gama a 1974, ita ke shayar da gonakin Kadawa da Kura. A 1976 aka kafa hukumar raya kogunan Haɗejiya da Jama'are. A 1992 aka gama madatsar Challawa a ƙasar Ƙaraye.

Tun daga nan halin kogin ya sake. A dā ya kan cika ya tumbatsa da damina, da rani ya bar yashi da 'yan gurabe. Yanzu ba ya ƙafewa, amma cikar damina ta ragu a yawancin shekaru, don ana tare ta a sama. Mu mun sami noman rani. Mutanen Haɗejiya da Nguru kuwa, waɗanda shinkafarsu da kifinsu da kiwonsu suka dogara ga malalar damina, sun ga ragi. Ruwan da ba ya janyewa ya haifar musu da ciyawar kacala, ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama gidan jan-baki mai cinye hatsi. In kuwa ruwa ya fi ƙarfin madatsa, na ƙasa ke kwana a tsaye. Madatsar Bagauda ta fashe a watan Agusta 1988. A 2001 ambaliya ta ci garuruwa a Kano da Jigawa, mu ma ba ta bar mu ba. A 2022 kuma ƙasar Jigawa ta sha wuya ƙwarai.

Akwai kuma abin da ke zuwa cikin ruwan wanda ba ya ƙara. Masana'antun Sharaɗa da Challawa, musamman na jima da na rini, sun gaji majema da marina, amma ba da bagaruwa da baba su ke aiki ba. Jimar zamani da wani sinadari a ke yi mai suna kuromiyam, wanda ba ya ruɓewa kamar ganye, sai ya kwanta cikin laka ya shiga jikin kifi da kayan lambu. Masanan jami'o'inmu sun sha auna ruwan Challawa sun ba da labarin haka. Abin da aka zuba can, ta ƙarƙashin gadarmu ya ke bi. Ruwa ba ya tsami banza.

Malamanmu na shari'a ba su bar wannan babi ba. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo hukuncin ruwan kwari, cewa na sama ya tare har ya kai idon sawu, sa'an nan ya saki ga na ƙasa. Watau na sama yana da haƙƙin fara sha, ba shi da haƙƙin hanawa ko ɓatawa. In muna so mu riƙe wannan hujja a kan waɗanda ke sama da mu, lalle ne mu yarda a riƙe ta a kanmu, don kwatar mahauta da sharar kasuwa da mu ke turawa kogi, mutanen Ringim da Haɗejiya ke sha.

To, jama'a, me ya rage gare mu? Madatsa ba a hannunmu ta ke ba, masana'anta kuma haka. Amma ƙafa da alƙalami suna hannunmu, da su kuwa magabatanmu suka yi aiki. A farkon zamanin En'e akwai waɗanda a ke kira malaman taki, musamman a gundumomin da ke kewaye da birni. Gona gona su ke bi, suna taka tsawo da faɗi, suna rubuta sunan mai ita. Don haraji a ke yi, talakawa kuwa ba su yi murna da ganinsu ba, gaskiya ke nan. Da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, mutane suka huta, ba kuwa mai fatan su komo. Sai dai da harajin ya tafi, yawon nan na shekara shekara ya bi shi, rubutun ma ya bi shi. Muka ajiye kaya mai nauyi, muka mance da cewa akwai abu mai amfani ƙunshe a ciki.

Don haka ina roƙo, da ladabi, abu huɗu. Na farko, kowane dagaci da ƙasarsa ta taɓa kogi ya fita sau ɗaya a shekara bayan janyewar ruwa, da masu unguwanni da malami mai rubutu, a bi gaɓa da ƙafa, a rubuta inda ruwa ya ci da inda ya ajiye. Na biyu, a tara dattawan masunta da makiyaya da manoma da magina tun suna da rai, su nuna mashaya da burtali da ramin yumɓu da mafitar jirgi, a auna a gabansu, a kafa alama, a rubuta, su sa hannu, a ajiye kofe ɗaya wurin Hakimi, ɗaya a kotu, ɗaya a ƙaramar hukuma. Na uku, kowace alama a dasa mata itace, in giginya ce a dasa uku, don in ɗaya ta faɗi biyu su ba da shaida. Na huɗu, muna da jami'a a garin nan, wadda aka buɗe a 2001 aka sa mata sunan Aliko Dangote a 2022. A roƙi malamanta su riƙa auna mana ruwan nan rani da damina, su ba mu sakamako da Hausa, don in za mu kai kuka gaba mu kai shi da hujja. Mu a kotu mun sani, mai da'awa ba shaida ko yana da gaskiya sai ya koma da ita gida.

Ba abin da ke cikin waɗannan da ya fi ƙarfin littafi guda da takalmi mai ƙwari. Ni na fara, ga littafin nan a hannuna, shafi 11 na cika a yini ɗaya, kuma ko rabin gaɓar ƙasarmu ban taka ba. Wanda ya so ya duba, yana ofishinmu. Wanda ya ga kuskure ya gyara mini, na gode masa tun yanzu.

In na faɗi abin da ya wuce matsayina, ina neman gafarar manya. Allah ya jiƙan magabatanmu da suka yi wannan aiki a kan doki da ƙafa, ya yafe musu kurakuransu. Allah ya ba mu ruwa mai albarka, ya kiyashe mu da ambaliya da fari. Allah ya ja zamanin Sarki, ya taimaki Hakimi, ya ba ƙasa lafiya. Amin.